Kalmomi Huɗu A Bakin Kogin Kebar

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin Ilimin Littafi Mai Tsarki ya saba da yadda littattafan annabawa sukan buɗe zance. Wata fassara takan ce maganar Ubangiji ta zo wa wane, wata kuma takan ce Ubangiji ya yi magana da wane. Mun ji wannan sau da yawa har kunnenmu ya daina tsayawa a kansa, mukan wuce da sauri domin mu kai ga saƙon. A bana muna so mu tsaya a bakin ƙofar, mu duba yadda aka faɗi abin da Ibrananci, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi. Muna da dalili. A kwanakin nan ba wuya mutum ya tashi a taron addu'a ya ce Ubangiji ya faɗa masa abu kaza game da aurenki, ko jarrabawarka, ko gonar mahaifinka. Wanda ya san abin da annabawan dā suke nufi da wannan furci zai fi iya auna abin da ake gaya masa.

Da Ibrananci kalmomi huɗu ne: wayehi, debar, sunan Allah, sa'an nan el. Irin wannan furci yana zuwa fiye da sau 100 a Tsohon Alkawari, kusan 50 daga ciki a littafin Ezekiyel kaɗai. Wurin da ya fara bayyana shi ne Farawa sura 15, game da Abram.

Bari mu fara da ta biyu, domin ita ce ta fi kusa da mu. Dabar (takan zama debar idan an jingina ta ga wani suna) tana nufin kalma ko zance, tana kuma nufin al'amari, abin da ya faru, batun da ake ciki. Mai jin Turanci sai ya nemi kalmomi biyu ko uku kafin ya kama wannan. Bahaushe kuwa yana da ita a bakinsa tun yana yaro, wato “magana”. Idan dattijo ya ce, “Maganar filin nan ba ta mutu ba,” ba sautin baki yake nufi ba, rikicin filin yake nufi. Idan aka ce an gama maganar aure, an gama shirin ne da biyan abin da za a biya. Haka dabar take. Littafin da muke kira Tarihi, sunansa da Ibrananci Dibre Hayyamim, maganganun kwanaki, ma'ana abubuwan da suka auku. Dokoki Goma kuma kalmomi goma ake ce da su a asali. A nan mai karatu da Hausa ya fi mai karatu da Turanci sa'a, ko da yake ba kullum muke lura ba.

Ta fari ita ce mai ban mamaki. Wayehi ta fito daga aikatau haya, kuma haya ba “zuwa” take nufi ba. Ibrananci yana da kalmar zuwa dabam, wato bo, amma ba ita aka saba sa wa a nan ba. Haya tana nufin kasancewa, zama, ko aukuwa. Da za mu bi ta ƙafa da ƙafa sai mu ce maganar Ubangiji ta auku ga Irmiya, ko ta faru da shi, ko kuwa ta same shi, kamar yadda mukan ce abu ya sami mutum. Yahudawan da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci a Masar sun bi wannan hanya, suka sa egeneto, wato ya faru. Jerom, wanda ya yi fassarar Latin wajen shekara ta 400, shi ma kalmar aukuwa ya sa. Fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta zaɓi “zuwa”, kuma ta bakinta ne mutane da yawa suka saba da shi. Ba kuskure ba ne, gama wanda aka aiko wa saƙo, saƙon ya zo masa. Amma “zuwa” tana sa mu ga baƙo yana sallama a zaure, ana iya ce masa maigida ba ya nan. Abin da ya auku gare ka kuwa ba ya sallama.

Sai dai mu yi hattara. Wani masani ɗan Sikotilan, James Barr, ya yi gargaɗi a littafinsa na 1961 cewa kada a ɗora wa kalma guda nauyin dukan tauhidi. Yana da gaskiya. Wayehi kalma ce ta yau da kullum, da ita ake buɗe labari, kamar yadda mu mukan ce “ana nan sai”. Ba domin kalmar tana da wani asiri ba ne muke cewa saƙon ya fi ƙarfin annabi. Labaran annabawan ne da kansu suka nuna haka, kalmar kuwa ta dace da su.

Ta uku sunan Allah ne, baƙaƙe huɗu, Y, H, W, H. Ibrananci daga dama zuwa hagu ake rubuta shi kamar ajami, kuma a dā baƙaƙe kaɗai ake sawa ba wasali. Malaman da ake kira Masoret ne suka ƙara ɗigo da alamun wasula daga baya, kamar yadda ake yi wa almajiri wasali a allo. Cikakken kofe mafi tsufa na aikinsu shi ne wanda ake kira na Leningrad, an rubuta shi a Alƙahira wajen 1008. Saboda girmamawa Yahudawa ba sa furta sunan nan, idan sun iso gare shi sukan ce Adonai. Wannan al'ada ce masu fassara suka bi da suka ba mu “Ubangiji”, tun daga Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 wanda Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya yi wa aiki mai yawa. Ta huɗu, el, “zuwa ga” ce kawai. Amma ita ce take nuna mutum guda, da sunansa da sunan ubansa da garinsu.

Yanzu mu je wurin Ezekiyel, domin a ganinmu babu annabin da ya kamata ɗan Kura ko Bunkure ya fahimta kamarsa. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yehoyakin da manyan Urushalima zuwa Babila, har da wannan saurayi ɗan gidan firistoci. A shekara ta biyar ta bautar, wato 593, maganar ta same shi a bakin kogin Kebar. To, Kebar ba kogi ba ne irin na Kano ko Challawa. Kanal ne, hanyar ruwa da mutane suka haƙa suka jawo daga Yufiretis domin ban ruwa. An ga sunansa a allunan yumɓu na gidan kasuwancin Murashu, waɗanda masu tono daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka samu a kufan birnin Nippur a 1893. Wasu allunan kuma da aka buga a 2014 sun nuna Yahudawan bauta suna zaune a wani ƙauye mai suna Al-Yahudu, suna noman ƙasar sarki suna biyan haraji.

Mu da muke zaune a ƙarƙashin madatsar Tiga mun san irin wannan ƙasa. Tun da aka gama madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake gangarowa ta babban kanal, ya rabu cikin ƙanana, ya shiga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, har ana shinkafa da alkama da tumatir a tsakiyar rani. Mun kuma san abin da manomin rani ya sani: ruwan ba nasa ba ne. Yana iya gyara kunya, ya share hanya, ya ajiye bututu, amma idan ba a buɗe ƙofa daga sama ba, sai ya zauna ya jira. A wuri irin wannan, nesa da Haikali, cikin talakawan da suke noma wa wani sarki, aka rubuta kalmomin nan da ƙarfin da ba a saba ba. A aya ta 3 ta sura ta fari an ninka aikatau ɗin, hayo haya, kamar yadda Bahaushe zai ce “ya doke shi duka” idan yana so a san ba wasa. Mutanen da suka ɗauka sun baro Allahnsu a Urushalima suna bukatar a nanata musu cewa abin ya auku, a nan ɗin kuwa ya auku. Ayar ta ƙara da cewa hannun Ubangiji yana bisansa, furcin da Ezekiyel yake maimaitawa duk sa'ad da abin ya yi masa nauyi.

Akwai ma wata kalma da ta fito daga ruwa kai tsaye. Nataf tana nufin ɗiga, kuma Amos da Mika da Ezekiyel sun yi amfani da wani reshenta da ma'anar yin wa'azi. A Amos sura 7, da ita aka ba da labarin yadda Amaziya firist na Betel ya hana shi magana, kamar a ce masa ya daina ɗiga a kan mutane.

Bayan saƙo ya samu, sai isarwa, kuma nan ma Hausa ta taimake mu. Ko amar, “haka ya faɗa”, furcin ɗan aike ne. Da shi Yakubu ya aiki bayinsa wurin Isuwa, da shi kuma jakadan sarkin Assuriya ya yi wa mutanen Urushalima magana a zamanin Hezekiya. Duk wanda ya taɓa jin sanƙira yana shela ya san cewa bakin nasa ne amma maganar ta sarki ce, kuma in ya ƙara ko ya rage, shi zai amsa. Ne'um kuma takan zo a tsakiya ko a ƙarshen zance, daidai inda mu muke sa “in ji wane”. A farkon Haggai, wanda aka ba shi kwanan wata a shekara ta biyu ta sarki Dariyus, wato 520, an ce maganar ta auku beyad Haggai, ta hannun Haggai, kamar yadda muke cewa an aiko kuɗi ta hannun wane. Ita kanta “annabi” daga Larabci muka aro ta, kuma 'yar'uwa ce ga nabi ta Ibrananci, tushensu ɗaya, wanda masana da yawa suke dangantawa da kira. Wannan yakan sauƙaƙa hira da maƙwabtanmu Musulmi, ko da yake kowane sashe yana da yadda yake bayyana wahayi.

Wasu annabawa ganin maganar suka yi. Kan littafin Amos ya ce maganganun da ya gani ne, haka kuma Ishaya sura 2. Wani lokaci abin da aka gani da abin da aka ji wasa da sauti ne ya haɗa su, wanda ba ya ƙetarewa zuwa wani harshe. An nuna wa Amos kwandon 'ya'yan itace na kaka, wato kayis, aka kuma ce masa kes ya zo, wato ƙarshe. Wanda ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan da tsakar rana ya san abin da ya nuna sarai ba ya jiran gobe. Akwai kuma massa, daga kalmar ɗauka, wadda take kan jawaban Ishaya game da Babila da Mowab da Dimashƙu da Masar, da kan littattafan Nahum da Habakuk. Tana iya nufin ɗaga murya, tana iya nufin kaya. A Irmiya sura 23 an juya ta a kan masu tambaya da ba'a, aka ce su ne kayan, za a kuwa sauke su.

Irmiya ne ya fi nuna mana cewa annabi ba shi ne mai mabuɗin ƙofar ruwa ba. A sura 28 Hananiya ya tsaya a Haikali, da furcin ɗan aike iri ɗaya a bakinsa, ya yi alkawari cewa cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, har ya karya karkiyar itacen da take wuyan Irmiya a gaban jama'a. Irmiya bai ƙirƙiro amsa nan take domin ya kare mutuncinsa ba. Ya yi tafiyarsa. Sai daga baya maganar ta same shi, ya komo ya ce karkiyar ƙarfe za ta maye ta itace. Hananiya ya mutu a wata na bakwai na wannan shekara. Mu lura, da baki kaɗai ba za a rarrabe su biyun ba, gama kalmomin buɗewa ɗaya ne. Ma'aunin da Irmiya ya kafa a wurin shi ne, mai annabcin salama sai abin da ya faɗa ya cika kafin a san aiko shi aka yi, kuma wannan ya yi daidai da Maimaitawar Shari'a sura 18.

A sura 42, bayan faɗuwar Urushalima da kisan Gedaliya, shugabannin yaƙi da sauran jama'a suka roƙi Irmiya ya tambayar musu ko su zauna ko su gudu. Suna cikin tsoro, kayansu a ɗaure, kowace rana tana iya kawo rundunar Babila. Kwana 10 aka yi kafin wayehi ta bayyana a labarin. Amsar ta ce su zauna a ƙasar. Suka ce ƙarya yake yi, Baruk ne ya zuga shi, suka tafi Tafanes ta Masar, suka kuma tafi da shi.