Ciwon Dajin Nono da Abin da Ake Gada Daga Iyaye

An gina jikin ɗan Adam ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wani zare da masana ke kira DNA, shi ke ɗauke da umarnin yadda za ta rayu ta hayayyafa. Kullum zaren nan yana samun lahani, amma jiki yana da masu gyaransa. Daga cikinsu akwai ƙwayoyin gado biyu: BRCA1 da aka gano a 1994, da BRCA2 a 1995. Aikinsu kamar na masaƙi ne, in zare ya tsinke su ƙulla.

Idan aka haifi mutum da nakasa a ɗayansu, sai ɓarna ta yi ta taruwa har wata ƙwaya ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Wannan shi ne ciwon daji, wato sankara. Bincike a ƙasashen Turawa ya nuna kusan mata 7 cikin 10 masu wannan nakasa sukan kamu da dajin nono kafin su cika shekara 80.

Abin da Aka Gano a Nijeriya

A 2018 Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago da abokan aikinta na Badun suka bayyana sakamakon gwajin mata 1,136 masu dajin nono. Kashi 14.7 cikin 100 sun gaji nakasa irin wannan, akasari a BRCA1 da BRCA2. Ke nan yawancin masu ciwon ba gadonsa suka yi ba, amma masu gadon ma ba kaɗan ba ne.

Yadda Ake Gado

Nakasar tana fitowa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Kowane ɗa ko 'ya na iya gadonta ko ya tsira, daidai wa daida. Namiji yakan ɗauke ta bai sani ba ya ba 'ya'yansa mata, shi ma yana iya kamuwa. Ciwon ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama ɗaki ɗaya.

Kira ga Mazauna Ikko

Hausawa da yawa a Agege, Idi-Araba da Obalende an haife su a Ikko, danginsu kuwa suna Kano, Katsina ko Sakkwato. Saboda nisa da kunya, mace takan girma ba ta san abin da ya yi ajalin kakarta ko gwaggonta ba. Ya kamata in an je ganin gida a tambayi manya: wa ya yi ciwon nono ko na ƙwan mace, kuma yana da shekara nawa? In an sami mutum biyu ko fiye a dangi ɗaya, ko mace da ta kamu kafin shekara 50, ko namiji, to a sanar da likita domin ya tsara bincike da wuri.

Duk wadda ta ji ƙullutu a nono ko hammata, ko ta ga jini daga kan nono, ko fata ta lotsa, kada ta tsaya shafa magani a gida, ko da babu zafi. Ta nufi Babban Asibitin Orile-Agege, ko asibitin koyarwa na Ikeja ko na Idi-Araba. Wajibi ne maigida ya ba da izini da kuɗin mota ba da jinkiri ba, gama ciwon da aka tara da wuri ya fi jin magani. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.