Daga Makwar Zuwa Kano: Gajeren Fim Zai Iya Kunyata Masu Labarin Ƙanzon Kurege?

A watan Satumba na shekarar 2003 birnin Khartoum ya shiga wani ruɗani wanda har yau idan aka tuna shi sai a yi dariya a kuma girgiza kai. Labari ya bazu, galibi ta saƙonnin wayar salula, cewa wasu baƙi na yawo a kasuwanni suna sace mazakutar mutane ta hanyar musabaha, wasu kuma suka ce ta hanyar ara wa mutum matajin kai ne. Magidanta suka daina miƙa wa baƙo hannu. Likitoci sun duba masu ƙorafin suka same su lafiya ƙalau, amma kafin ƙurar ta lafa an riga an ɗora laifin a kan mutanen Afirka ta Yamma.

Mu da ke da 'yan uwa a Makwar, Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu mun san abin da wannan ke nufi. Zuriyar waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka zuba gumi a gonakin audugar Jazira tun bayan kammala madatsar ruwan Makwar a 1925, su ne ake fara nuna wa yatsa duk lokacin da aka ce "baƙi ne suka ƙulla". A 2022 ma, lokacin rikicin jihar Shuɗin Nilu wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, kalaman ƙiyayya a Facebook sun ƙara wa wutar fetur.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba wata hanya da masu hikima ke bi wajen yaƙar irin waɗannan labarai, wato gajeren fim na barkwanci wanda matasa za su shirya da aljihunsu, ba tare da jiran gwamnati ko wani babban kamfani ba.

Akwai magabata a wannan fage

Sudan ba baƙuwa ba ce a harkar gajeren fim mai zambo. A 1977 Eltayeb Mahdi ya shirya "Al Dhareeh", ma'ana Hubbare, a kan wani mutum da ke iƙirarin yana warkar da jama'a. Ibrahim Shaddad, wanda ya yi karatun fim a Jamus ta Gabas, ya yi "Jamal" a 1981, inda ya nuna raƙumi yana ta zagaye a matsar man riɗi, ya bar wa mai kallo ya gane wa ake nufi. Su biyun tare da Suleiman Ibrahim da Manar Al Hilo suna cikin ƙungiyar masu fim ta Sudan da aka kafa a 1989, wadda juyin mulkin Umar al-Bashir na ƙarshen watan Yunin shekarar ya durƙusar. Bayan shekara 30 Suhaib Gasmelbari ya ba da labarinsu a "Talking About Trees", wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Berlin a 2019.

Na baya ma sun nuna cewa rashin kuɗi ba ya hana aiki. Mohamed Kordofani injiniyan jirgin sama ne da ya koya wa kansa fim, ya fara da gajeru irin su "Nyerkuk" na 2016 kafin "Goodbye Julia" ya kai shi Cannes a 2023. Suzannah Mirghani kuwa a ƙauyen manoman auduga ta kafa labarin "Al-Sit", fim mai minti 20 da ya ci kyauta a Clermont-Ferrand ta Faransa a 2021.

A namu ɓangaren, Bahaushe ya daɗe da sanin cewa da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Tashe na watan azumi da wasan gauta na fada duk zambo ne da ake yi wa manya a gaban idonsu. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, a kan wannan turba ya gina finafinan camama.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai yi wa masu ganin makirci a cikin komai dariya ba ƙaramin aiki ba ne, domin ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, inda yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu, kuma a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. A ranar 20 ga Agustan 1998 Amurka ta ragargaza masana'antar magunguna ta Al-Shifa da ke Khartoum Bahri bisa zargin haɗa makamai masu guba. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin bogi a garin Abbottabad na Pakistan wajen farautar Usama bin Ladan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma mu dubi abin da gudun ya jawo. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa jita-jitar cewa an zuba masa maganin hana haihuwa, ba a koma ba sai a Yulin 2004 da aka kawo wani daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, cikinsu har da Sudan, wadda ta yi kusan shekara uku ba ta ga mai cutar ba. Ke nan maganar da aka ƙulla a majalisar hira a Kano ta gurgunta yara a ƙasar da 'yan uwanmu ke zaune. A Fabrairun 2013 ma an bindige mata tara masu aikin rigakafin a Kano.

Darasin da ke nan ga mai shirya fim shi ne ya san wanda zai yi wa dariya. Uwar da ta ɓoye ɗanta don tsoro ba abar dariya ba ce. Wanda ya cancanci zambo shi ne dillalin labarin, mai ci da tsoron jama'a, wanda kullum "wani na sama" ne ya tsegunta masa.

Yadda za a ƙulla shi

Bari mu kawo misali daga tunaninmu. A ce ruwa ya daina isa gonaki a wani ƙauyen Jazira. Wani mai suna Na-Sani, wanda ba ya rabuwa da bencin mai shayi, ya rantse cewa Turawa ne suka dasa na'ura a madatsar Makwar don su kashe audugar talaka, ya kuma shiga karɓar kuɗin manoma zai kai ƙara Khartoum. Duk wanda ya yi masa tambaya sai ya ce an saye shi. Rannan wani yaro mai kiwon awaki ya bi magudanar da manoma ke kira abu ishirin, ya tarar laka da ciyawa ne suka toshe ta, kuɗin yasarta kuwa tun bara Na-Sani ne ya karɓa.

Irin wannan labari minti 10 zuwa 15 ya ishe shi. Wuri uku kawai yake buƙata: teburin mai shayi, bakin magudana da ƙofar gida. Wayar hannu mai kyamara mai kyau za ta ɗauki hoton, amma kada a yi rowar kuɗin makirufo, domin mai kallo zai yafe hoto mai dishi-dishi, ba zai yafe maganar da ba ya ji ba. A ɗauka da sanyin safiya ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta ƙone fuska. A yi da Hausar wurin, mai gauraye da Larabcin Sudan, sannan a sa fassarar Larabci a ƙasa don maƙwabta su ma su yi dariyar tare da mu. Kafin a kunna kyamara a nemi izinin mai unguwa da dattawa, kada a wayi gari masu fim ɗin su ne sabon makircin da ake magana a kai.

Akwai haɗari biyu. Na farko, wani na iya yanke wurin da Na-Sani ke zuba ƙaryarsa ya watsa a WhatsApp a matsayin gaskiya, don haka a tsara kowane fage yadda ƙaryar za ta tona kanta a cikinsa. Na biyu shi ne hukuma. A 2008 an ɗaure Ibro wata biyu a Kano a zamanin da hukumar tace finafinai ta matsa wa 'yan fim lamba. Haka nan kada a ɗora wa Na-Sani wata ƙabila da ba tamu ba, in ba haka ba mun aikata abin da muke kuka da shi.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa mutanen Jazira da Sinnar da dama, kuma a irin wannan yanayi jita-jita ta fi komai saurin tafiya. Saboda haka muna kira ga matasanmu na Makwar da Mai Wurno, da 'yan fim na Kano da Kaduna, su haɗa hannu a kan irin wannan aiki. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan, Ya kuma tsare bakunanmu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba, amin.