Keken VTT: yadda ake kwance rulibir da ya cije ba tare da an kashe ƙafar baya ba

Daga Yamai har Damagaram, keken nan mai ƙaton taya da giya barkatai, wanda ake kira VTT, ya samu karɓuwa wajen jama'a. Ma'aikacin gwamnati na hawan sa zuwa wurin aiki, uba na saya wa ɗansa don zuwa lakwal, ɗan kasuwa kuma na shigo da shi gwanjo daga Turai. Sai dai akwai wata cuta guda da ke yawan kwantar da waɗannan kekuna, wato cijewar rulibir na ƙafar baya. Sau da yawa gyaran da aka yi da jahilci ya fi cutar kanta ɓarna: a sa guduma da kurfi, a farfasa haƙora, ƙafar da mai kaɗan zai warkar da ita ta koma tarin ƙarfe.

Asalin keken da asalin rikicin

An ƙirƙiro VTT a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, lokacin da wasu samari, irin su Joe Breeze da Gary Fisher, suka riƙa gangarowa daga duwatsu bisa tsofaffin kekunan da suka gyara da hannunsu. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper, wanda ya shigar da irin wannan keke kasuwa da yawa.

A wancan zamani rulibir guda ne aka sani: dunƙulen fayafayai masu haƙora, waɗanda makanikai ke kira pinyo, haɗe da abin da ke ƙas-ƙas a ciki, duka a murɗa su bisa zaren cibiyar ƙafa kamar murfin kwalba. A 1978 kamfanin Shimano na Japan ya kawo wani tsari dabam. Ya ɗauke abin ƙas-ƙas ɗin ya sa shi cikin wata ƴar ganga da ke ɗaure a jikin cibiya, fayafayan kuma, waɗanda ake kira kasat, a zura su bisa gangar a rufe da zobe. Amfanin wannan tsari shi ne boris na dama ya matso kusa da bakin aksi, saboda haka aksi bai cika lanƙwashewa ko karyewa ba idan an ɗora kaya. Duk wanda ya taɓa ɗaura buhun hatsi ko jarkar ruwa bayan keke ya san darajar wannan.

Nan rikici ya faro, domin iri biyun suna kama da juna a ido, alhali kwance su ba ɗaya ba ne. Hanyar bambanta su mai sauƙi ce. A cire ƙafa, a juya fayafayan baya, a dubi tsagogin tsakiya inda kile ke shiga. In tsagogin sun tsaya cik fayafayai na juyawa, rulibir na murɗawa ne, na tsohon yayi. In kuwa suna juyawa tare da fayafayai, kasat ne bisa ganga. Galibi mai fayafayai 5 ko 6 na murɗawa ne, mai 8 zuwa sama kasat ne, mai 7 kuma ana samun sa ta kowane ɓangare.

Abin da ke sa shi cijewa

Cikin gangar akwai ƴan harsunan ƙarfe da wata siririyar waya ke tayarwa su kama haƙora, tare da ƙananan ƴaƴan boris masu yawa. Ƙurar hunturu da yashi na shiga su gauraye da tsohon girisi har ya zama kamar laka. Daga nan ɗayan biyu ke faruwa. Ko dai harsunan su kwanta, mahayi ya taka feda ta zarce a banza keke bai motsa ba, ko kuma gangar ta daskare, feda ta riƙa juyawa tare da ƙafa, sarƙa ta saki ta naɗe, wani lokaci har ta fizge abin canza giya. Duka biyun hatsari ne a tsakiyar motoci.

Keken gwanjo yana zuwa da tasa matsalar. A ƙasashen Turai ana watsa gishiri bisa hanyoyi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin kuwa in ya shiga inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam sai su ci juna su manne. Bulon ɗin da ya shekara goma ko ashirin ba a taɓa shi ba, ba zai saki da lallashi kaɗai ba.

Kwance kasat da aksi

Aiki na farko shi ne cire kasat. Ana bukatar kile na musamman mai haƙora da ke shiga zoben rufewa, da kuma bulalar sarƙa, wato guntun sarƙa da aka ɗaure a jikin sandar ƙarfe, wadda kowane mai walda zai iya haɗawa da tsohuwar sarƙa. Bulala ta riƙe fayafayai, kile ya juya zoben hagu, akasin tafiyar hannun agogo. Wasu kekunan shekarun 1980, masu tsarin Uniglide, ba su da zobe. Ƙaramin faifan ƙarshe shi ne ake murɗawa, kuma bulala biyu yake so. In fayafayai sun nutse cikin ganga ta alminiyam sun ƙi fita, a ɗan juya kowane faifai baya da bulala, zai saki.

Bayan haka sai aksi. A kwance shi ta ɓangaren hagu, a bar noti da kon na dama a ɗaure yadda suke, domin su ne ma'auni ranar mayarwa. Galibi siririn kile mai lamba 15 ke riƙe kon, mai lamba 17 ya kwance noti. A shimfiɗa tsumma ƙasa kafin a zare aksi, saboda ƴaƴan boris za su zubo. A mafi yawan cibiyoyin baya tara ne a kowane gefe. A ƙirga su, a jera noti da rondel bisa tsarin da suka fito.

Bulon ɗin da ke ɓoye

Nan ne masu gyara da yawa ke ɓata. Gangar Shimano ba da guduma take fita ba. Wani bulon mai rami a tsakiya ne ke riƙe da ita, kuma ba a ganin sa sai an zare aksi an share girisi. Ana kama shi da kile alen mai lamba 10 ta ɓangaren dama, a juya hagu. Wasu sababbin samfura masu kaurin aksi suna son lamba 14 ko 15. Cibiyoyin wasu kamfanoni kuma lamba 11 ko 12 suke ɗauka, wasu ma ta ɓangaren hagu ake shigar da kile. A irin wannan hali a haska da tocila a gane yadda bulon ya zauna kafin a danna, domin bulon ɗin da kansa ke dama, in aka kamo shi ta hagu, juyinsa kan zama akasin wanda hannu ya saba. Akwai kuma cibiyoyi masu boris rufaffe waɗanda ba su da bulon sam: a cire murfin bakin aksi, a ja gangar da hannu, a kula kada harsuna su watse.

In bulon ya ƙi motsi, dabara ta fi ƙarfi. Da farko a tabbata kile ya shiga ramin har ƙarshe kuma lambarsa daidai ce, domin kilen da ya yi sako-sako shi ke cinye kusurwoyi, daga nan kuma sai asara. A ɗiga man kwance tsatsa, ko kalanzir in babu shi, ta gefe biyu, a bar shi ya kwana. Washegari a ɗaure kile alen cikin eto, bakinsa na duban sama, a kifa ƙafa a kai ɓangaren dama na ƙasa, a kama taya da hannu biyu kamar sitiyarin babbar mota, a juya hagu da nauyin jiki, sannu a hankali ba da fizga ba. A bar taya da iskarta don hannu ya samu abin riƙo. Inda babu eto, a zura tiyo na ƙarfe a wutsiyar kile don ƙara masa tsawo, mutum na biyu ya danne ƙafar.

In har yanzu ya ƙi, a kwarara tafasasshen ruwa bisa cibiya. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi kusan ninki biyu, wannan ɗan bambanci kan isa ya fasa tsatsa. Harshen wutar walda kuwa ƙone roba yake yi, ya raunana cibiya.

Rulibir na murɗawa shi ma da eto ake cin ƙarfinsa, kuma taurinsa na da dalili: duk takun feda ƙara ɗaure shi yake yi. A sa kilen da ya dace da tsagoginsa, a ɗan riƙe shi da notin aksi kada ya zame, a juya ƙafa hagu. Da zarar ya motsa a sassauta notin. Gargaɗi babba ga mai niyyar sake ɗaure ƙafa: kada a yanke wayoyin ƙafa sai rulibir ya fita, domin da'irar ƙafar ita ce ƙarfin da ake juya shi da shi.

Wanki da mayarwa

Ganga ta fito, a adana siririn rondel da ke bayanta. A ɗage zoben roba na baya, a zuba kalanzir ko gazuwal ana juyawa har dattin ya daina fita, a bari ta bushe, sannan a ɗiga man inji. Girisi mai kauri bai dace da harsuna ba, shi ke kwantar da su. Wurinsa shi ne ƴaƴan boris na aksi da zaren bulon, don wanda zai kwance gaba ya huta. In bayan wanki gangar na girgiza ko tana tsallake haƙori, ta ƙare, sai sabuwa.

Wajen ɗaurewa, bulon na son tauri kwatankwacin a rataya kilo 12 zuwa 17 a ƙarshen kile mai tsawon santimita 30, zoben kasat kuma wajen kilo 14. Kon na aksi a daidaita shi yadda ƙafa za ta juya sumul ba tare da wasa ba.

Abin lura ga mai saye da mai sayarwa

Gangar kowane kamfani da nata mazauni, har cikin samfuran kamfani guda ba duka ke shiga wurin juna ba. Wanda zai nemi wata, a Katako ko a kasuwar garinsu, ya tafi da tsohuwar a hannu a gwada su baki da baki. Ganga ta fayafayai 7 ta fi ta 8 gajarta. Kasat mai 7 na hawa bisa doguwar in an sa zoben cike gurbi mai kaurin milimita 4,5, amma mai 8 ba ya hawa bisa gajeriyar.

Lokacin da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar kayan teku ta yi tsawo, saboda haka duk ƙafar da aka ceto ta zama riba. Ɗan kasuwar da ke shigo da kekuna zai kyauta wa kansa in ya haɗo da kilen kasat da kile alen manya, ya kuma ajiye matattun ƙafafu don a ciri kayan gyara a jikinsu. Mai saye kuma, kafin ya biya, ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda baya: in ƙas-ƙas na fita sarai, sarƙa ba ta saki, keken na da sauran tafiya. Bayan saye, a nisanta cibiya da ruwan matsi na masu wankin mota, a kuma ɗiga mata mai da wucewar hunturu da kuma bayan damina. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a nan kuwa rigakafin bai wuce cokali guda na mai ba.