Makullin Otal Ba Izinin Alƙali Ba Ne

A watan Oktoban 1960 'yan fashi suka afka wa wani kanti a garin Monrovia da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Bincike ya kai 'yan sanda wani otal a garin Pomona, inda wanda suke zargi, wani mai suna Stoner, ya kama ɗaki. Ba su zo da takardar izinin bincike daga alƙali ba, shi kuma ba ya nan, sai ma'aikacin dare ya ɗauko makulli ya buɗe musu. Suka sami bindiga da tabarau da riga irin waɗanda shaidu suka kwatanta, aka kuma ɗaure shi bisa shaidar waɗannan kayan. A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin, bisa hujjar cewa haƙƙin sirrin ɗakin na baƙon ne, ba na otal ba. Wanda ya biya kuɗin ɗaki ya yarda mai shara ko mai gyaran famfo ya shiga, amma bai wakilta kowa ya buɗe wa hukuma ƙofarsa ba.

Wani zai ce wannan gata ne ga ɓata-gari, tunda otal maɓoyarsu ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai dokar ba ta ɗaure hannun ɗan sanda ba. Idan an ji ihun neman agaji, ko ana bin mai laifi da gudu ya faɗa ɗaki, ko ana shirin lalata shaida nan take, zai shiga ba tare da takarda ba. Abin da aka hana shi ne zargi kawai ya zama makulli, alhali akwai lokacin zuwa gaban alƙali. Kuma mafi yawan masu kwana a otal ba 'yan fashi ba ne, fatake ne da matafiya.

A Najeriya ma sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa. Bambancin shi ne Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a karɓi shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya, sai dai idan alƙali ya ga illarta ta rinjayi amfaninta. Muddin kotu za ta karɓi abin da aka kwaso ba izini, jami'i ba shi da dalilin wahalar da kansa neman takarda. Wannan gurbin ne ya kamata 'yan majalisa su sake dubawa.