Idan Masana'antu Sun Yi Yawa a Rumbun Manhaja

A ce wani matashi a Malam Madori ya rubuta wa dillalan riɗi manhajar karɓar kuɗi. Wani mai saye daga Kano ta Paystack zai biya, wani ta Flutterwave, wani kuma ya ce shi tsaba zai ƙirga a hannu. In matashin nan ya cusa sunan kamfani ɗaya a kowane lungu na manhajar, ranar da za a canja sai ya bi layi-layi yana warwarewa.

Don kauce wa wannan wahala ake amfani da dabarar da masanin manhaja Martin Fowler ya raɗa wa suna dependency injection a 2004. Sashen da ke buƙatar abu ba ya ƙera shi da kansa. Cewa kawai yake yana son hanyar biyan kuɗi, sai wani rumbu na tsakiya ya miƙo masa. A rumbun ake yi wa masana'antu rajista, wato 'yan guntayen umarnin da suka san yadda ake harhaɗa kowane abu: wannan sai da mabuɗin sirri, wancan sai da adireshinsa na intanet.

Rigima tana tashi ne idan masana'antu biyu ko uku suna ƙera abu iri ɗaya. Rumbun Spring, na masu rubutu da Java, tsayawa yake cak in bai ga alamar wanda ake nufi ba, har sai an fifita ɗaya da @Primary ko an kira kowanne da laƙabinsa ta @Qualifier. Rumbun .NET na Microsoft kuwa ba ya cewa uffan, na ƙarshen rajista yake miƙo maka. Ni dai na fi son mai tsayawa, domin gara manhaja ta ƙi tashi a ɗakin mai rubutu da a ce kuɗin buhu hamsin ya bi wata hanya daban ranar kasuwa. Sai a .NET 8, cikin Nuwamba 2023, aka ƙara damar rajista da laƙabi.

Akwai kuma tsawon rai. Wani abin sau ɗaya ake ƙera shi kowa ya yi ta amfani, wani kuma kowane ciniki da sabonsa. Idan mai dogon rai ya riƙe mai gajeren rai, bayanan cinikin Alhajin da ya biya da safe na iya bayyana a rasiɗin wanda ya zo da la'asar.