Yadda Ake Mayar da Injin Layi Uku Kan Wutar Gida

A Giginyu da kewayenta, daga Badawa zuwa Kawo, masu niƙa da kafintoci da masu burtsatse kan sayo tsohon injin lantarki mai layi uku, ko dai a Kasuwar Ƙofar Ruwa, ko cikin kayan masana'antun Bompai da suka durƙushe. Injuna ne masu ƙarko. Sai dai yawancin shaguna layi ɗaya kamfanin lantarki na KEDCO ya ja musu, mai bolt 230, shi kuwa injin an ɗaure shi ne don bolt 400 zuwa 415. Daga nan sai a garzaya wurin mai naɗin kwayil, alhali sau da yawa ba a bukatar taɓa kwayil ɗin ko kaɗan.

Fara da goge farantin da ke jikin injin, ka karanta. In ka ga 230/400 tare da alamar Δ/Y, to aiki zai yiwu, domin kowane ɗaya cikin kwayil ukun na bolt 230 ne. In kuwa 400/690 aka rubuta, tsaya nan. Wannan sai sabon naɗi.

Kashe wuta, ka gwada da mita ka tabbatar ta mutu, sannan ka buɗe akwatin haɗin. Za ka tarar da ƙusoshi shida masu noti: U1, V1, W1 a jere ɗaya, W2, U2, V2 a ɗayan, da 'yan farantan tagulla uku. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai. Cire farantan, ka auna kwayil ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata awon ukun ya zo kusan daidai, kuma kada ko ɗaya ya taɓa gangar jikin injin. Injin da ya daɗe a ajiye, ya sha damina, a nan yake tona asirin kansa.

Farantan da suke kwance, sun haɗe W2 da U2 da V2, haɗin tauraro ke nan. A cikinsa bolt 400 na rabuwa da 1.73, kowane kwayil ya samu 230. Yanzu ka tayar da su tsaye: U1 da W2, V1 da U2, W1 da V2. Wannan shi ne haɗin delta, inda kowane kwayil ke karɓar wutar layi kai tsaye. Ɗaure noti tam, don sako-sako shi ke haifar da zafi.

Saura layi na uku, wanda shago ba shi da shi. Kafasita ce ke maye gurbinsa, dabarar da ake jingina wa Steinmetz, injiniyan kamfanin General Electric a Amurka. Wayar wuta ta hau U1, ta dawowa ta hau V1, kafasita kuma ta tashi daga W1 zuwa ɗaya daga cikinsu. In ya juya baibai, mayar da ƙafarta kan ɗayan. Ana lissafa kimanin maikrofarad 70 ga kowane kilowat, mai jure bolt 450. Kada a manta da wayar ƙasa, kuma a sauke cajin kafasita kafin a sa hannu, don takan riƙe wuta bayan an kashe.

A san cewa ƙarfinsa zai ragu zuwa wajen kashi 70 cikin ɗari, kuma tashinsa zai yi nauyi. Fanka da zarto ba su damu ba. Injin niƙa kuwa sai an ƙara kafasitar tashi, wadda ake saki bayan daƙiƙa biyu ko uku. In injin ya haura kilowat biyu, a ganina inbata mai mayar da layi ɗaya zuwa uku ta fi, ko da ta fi tsada. Haka nan wutar da yake ja ta ƙaru, don haka a sa waya mai kauri, a saita na'urar kare lodi kan adadin delta da ke farantin jikin injin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu yin haɗin delta a kan layi uku don kawai wutar unguwa ta yi rauni, tiransifoma ta ɗauki lodi fiye da ƙima. Ranar da cikakkiyar wuta ta dawo, bolt 400 zai sauka kan kwayil na 230, ya ƙone shi cikin ƙanƙanin lokaci. Maigida, in an gama maka aikin nan, sa a rubuta DELTA 230 da fenti a kan murfin, domin yaron shago ko wanda zai saya a gaba kada ya jona shi kan layi uku.