Bashin NECO: Yadda alƙawarin gwamnoni ke riƙe sakamakon ɗalibai

A kan hanyar Bida, a gefen birnin Minna, hedikwatar Hukumar Shirya Jarabawa ta Ƙasa, NECO, take. Gaba kaɗan a kan wannan hanyar akwai Gidan Kwano, babban mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983. Tafiyar 'yan mintoci ce a mota, amma ga ɗalibin da aka riƙe wa sakamako, tafiyar kan zama ta shekara guda.

Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa NECO a Afrilun 1999, domin Najeriya ta samu tata hukumar ban da WAEC ta Afirka ta Yamma. A shekarar 2000 ta shirya jarabawar kammala sakandare ta farko, ƙarƙashin Farfesa Dibu Ojerinde. Da kuɗin rajista take gudanar da yawancin aikin jarabawa: buga takardu, kai su cibiyoyi, da biyan masu sa ido da masu maki.

A nan matsalar take. Gwamnatocin jihohi da dama, musamman a Arewa, sukan ɗauki nauyin biya wa ɗaliban makarantunsu kuɗin jarabawa. Niyya ce mai kyau, domin iyaye da yawa ba su da hali. Hukumar takan bar yaran su zauna jarabawa a watannin Yuni da Yuli bisa wannan alƙawari. Idan lokacin fitar da sakamako ya yi kuɗi bai shigo ba, sai ta riƙe sakamakon. Farfesa Ɗantani Ibrahim Wushishi, wanda ya zama shugabanta a 2021, ya sha kokawa cewa bashin da take bin jihohi ya kai biliyoyin naira. Kano da Zamfara sun shiga wannan jerin, haka ma Neja, wadda hukumar ke zaune a babban birninta.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai wannan bashin wanda bai ci shi ba ne ke biya. Jami'a ba ta ɗaukar ɗalibi sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci, kuma tun 2017 hukumar JAMB ta mayar da ba da gurbi ta kwamfuta, inda dole a ɗora sakamako kafin a tabbatar wa ɗalibi gurbi. Makin JAMB kuwa na zango ɗaya ne. Wanda aka saki sakamakonsa bayan an rufe ɗauka, sai ya sake sayen fom baɗi. Ɗan mai hali da ke makarantar kuɗi, wanda ubansa ya biya tun farko, ya riga ya wuce.

Ma'aikacin gwamnati ya san inda gizo ke saƙa. Sanarwa daban, sa kuɗi a kasafi daban, sakinsa kuma daban. Takarda kan tashi daga ma'aikatar ilimi zuwa ofishin gwamna, ta wuce ma'aikatar kuɗi da ofishin akanta janar, kowane tebur da nasa jinkirin. Jadawalin jarabawa kuwa ba ya jiran fayil.

Gyaran aikin ofis ne. Jiha za ta iya tantance yawan ɗalibanta tun suna aji biyu na babbar sakandare, ta sa adadin a kasafin da ake gabatarwa a ƙarshen shekara, ta biya kafin a rufe rajista. Za ta iya kuma sa hannu a riƙa cire kuɗin kai tsaye daga kasonta na asusun tarayya, kamar yadda ake yi wa wasu basussukan. Idan aljihun jiha ba zai ɗauki kowa ba, gara ta faɗa wa iyaye tun da wuri su nemi mafita, maimakon su ji labari ranar da sakamakon 'ya'yan maƙwabta ya fito.